Ledojin Yaya

Ranar da na san sabuwar sana'ar Yayata, barci na yi a kanta.

Na je gidanta da tsakar rana, zafi kamar zai dafa ƙwai, na tarar ta fita. Ina neman inda zan miƙe sai na ga ɗakin ajiya na bayan kicin ba a kulle ba. Ga duhu, ga sanyi. A kan katakai an jera wasu ledoji farare, kowace kamar ƙaton burodi, an toshe bakinta da auduga. Na ce Allah ya yi wa mai filon nan albarka. Na ciro ɗaya na tada kai.

Feshin ruwa a fuska ne ya tashe ni. Yaya na tsaye a kaina da robar feshi, leda ta fashe, garin katako har cikin kunnena.

"Auta, tashi. Ka kashe min guda."

Shekarata hamsin da biyu, ga furfura ga suruki, amma a bakin Yaya ban taɓa wuce Auta ba.

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana karɓar haihuwa a asibiti. Rabin mutanen layinmu ita ta fara ganinsu, kuma tana tuna musu idan sun ɗaga mata murya. Da ta yi ritaya muka ce ta huta. Ta huta kwana tara. A na goma ta wanke labulen da ta wanke jiya. Sai wata da ta taɓa haihuwa a hannunta ta koya mata noman naman kaza, abin nan mai kama da laimar kwaɗi amma wanda ake ci. Ba gona, ba fartanya. Garin katako ne daga wurin kafinta a cakuɗa da dusa, a jiƙa, a cusa a leda, a turara a durom awa shida don kashe ƙwayoyin cuta. Idan ya huce a zuba iri, a ajiye a duhu mako uku har ledar ta yi fari fat. Daga nan a tsaga ta da reza, a riƙa feshi, a jira.

Karon farko ta rage wa turarin awa biyu saboda itace, ledoji suka yi kore shar da funfuna. Karo na biyu ɗanta tela ya ga ɗakin ya yi warin raɓa, ya buɗe taga don taimako, iska ta busar da su kamar dutse.

Telan nan shi ne ƙashin bayan rigimar. Ya sayo kekunan ɗinki biyu sun cika falo, yana son ɗakin. Suka yi yarjejeniya a gaban matarsa: idan leda arba'in ɗin nan ba su fito da komai ba zuwa ƙarshen wata, za ta miƙa makulli, ta koma kan kujera tana kallon talabijin kamar sauran tsofaffi. Saura kwana goma sha ɗaya na zo na mayar da su talatin da tara.

Hukuncina shi ne feshi, safe da yamma. Takalmi a waje, wanke hannu har gwiwa, ita tana duba farce. Ranar da ta tsaga ledojin har safar hannu ta sa. Tana bi ɗaya bayan ɗaya tana latsawa, tana rubutu a jikin kwali.

"Wannan ta kusa. Wannan mai cikin fari ce, za ta ba mu wahala."

"Yaya, in kira dangin mijinta?"

"Yi feshinka."

Kwana biyar, shiru. Kwana bakwai, shiru. Tela ya fara wucewa ta ƙofar da tef a wuya, yana auna bango da ido.

"Kawu, kana ganin keke biyu za su shiga ta nan?"

"Ka tambayi mai ɗakin."

"Ai ba don mugunta ba ne. Mama ta wahala, ta huta mana."

Yaya ta ji shi daga ciki. Ranar ce kawai na ga ta zauna a kan bokiti, hannu a cinya, ba ta gyara min riƙon roba ba. Na yi mata barkwanci biyu, duk suka faɗi ƙasa. Ni na san ba naman kaza take jira ba. Kujerar falon nan take tsoro.

Safiyar kwana na tara ina feshi a layin ƙasa na ga wasu ƙuraje a bakin tsagar wata leda, kamar kan ashana.

"Yaya, wannan ma ta kamu. Ƙyanda ce."

Ta durƙusa ta sa tabarau. Ta daɗe tana dubawa. Ta matsa ta gaba, da ta gabanta. Goma sha huɗu ta ƙirga. Sannan ta miƙe ta leƙa tsakar gida.

"Kai tela. Zo da tef ɗinka, ga abin aunawa."

Kafin ƙarshen wata sun buɗe kamar kunnuwa, sun cika roba uku. Tela ya kai kekunansa wani shago a bakin titi, kuma shi ya fi kowa ci. Ni da na rantse ba zan sa abin da kwaɗo ke fakewa a ƙarƙashinsa a baki ba, sai da aka janye kwano daga gabana.

Ina suɗe hannu na ce, "Yaya, ba ni leda goma in kai gida. Yanzu ai na zama gwani, na san sirrin: inuwa, ruwa, haƙuri."

Ta dube ni ta saman tabarau.

"Shekara hamsin ni da Inna muna ba ka inuwa da ruwa, Auta. Har yau ba abin da ya tsiro sai baki."