Furen Daɗɗoyar Baba Na Baƙi Ne

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar mahaifinmu, Malam Adamu mai zuma, amma har yau in na murza ganyen daɗɗoya a yatsuna sai na waiga bayana. Kada ku yi mini dariya. Na san babu kowa, amma sai na waiga.

Baba yana da amya a kan itatuwan ɗorawa can wajen Arikya. A gidanmu na Lafiya kuma yana da daɗɗoya guda a gindin katanga, ta kai ƙugun mutum, rani ya bi damina ba ta mutuwa. Kafin ya ɗaura sabuwar amya sai ya cika hannu da ganyenta ya goge cikin amyar tas, don ƙamshin ne ke jawo ƙudan zuma su tare. Shi ya sa rigarsa da hularsa, har buzun sallarsa, duk ƙamshinta suke yi. Dokarsa ɗaya ce: a tsinki ganye iya so, amma kada a taɓa fure. Kowa ya san mai son daɗɗoya ta yi ganye tsinke mata kai yake yi. Shi kam a'a. "Furen na baƙi ne," in ji shi. Baƙin kuwa da hantsi suke zuwa, ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi, su cika gindin katangar da guna-guni.

Reshe ne ya karye da shi yana ɗaura amya. Da aka kawo shi a bayan a-kori-kura, ƙamshin ya riga gawar shiga gida. Innarmu tana ɗaki, ba wanda ya gaya mata komai, ta fito tana cewa, "Yau Malam ya dawo da wuri." Wannan magana har gobe tana kunnena.

Da ta fita takaba sai ta mayar da tabarmarta gindin daɗɗoyar. Bayan wasu shekaru idanunta suka tafi, ya zama da kunne take ganin baƙin. Ta taɓa ce mini, "Hajara, ban zare ba, na san ya rasu. Amma in suka zo, gidan yakan yi kamar yana ciki."

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce in ya ga Lafiyar yau. Ya bar ta ba a daɗe da ba mu jiha ba, bayan gidanmu duk gonar doya. Yanzu ina! Shago na gugar shago, ga ƴan acaɓa, ga keke napep, ga janareta kamar a fasa kunne. Ina jin ba zai yi faɗa ba, tambaya kawai zai yi: to su baƙin, ina aka ce su sauka?

Bara ƙanena Sule ya fasa katangar zai fitar da shago. Ina makarantar da nake koyarwa aka tuge daɗɗoyar. Na dawo na tarar da ita cikin ɓaraguzai, raina ya ɓaci matuƙa. Sule ya ce wai, "Haba Yaya, ciyawa ce fa." Ciyawa! Na zaro reshe ɗaya mai sauran rai na dasa a tsohon bokiti.

Abin da ya biyo baya shi ke hana ni sakewa. Kwana da kwanaki ƙudan zuman suna zuwa da hantsi, suna shawagi a kan sabon siminti, daidai tsayin ƙugun mutum, inda babu komai. Daga baya suka daina. Inna ta daina fitowa, abinci sai an yi da gaske. Kullum tambayarta ɗaya: "Yau ma shiru?" Na murza mata ganye na kai hancinta, ta ture hannuna. Ta ce ƙamshi ne kawai, babu mai magana. Wallahi na ji tsoro, na ga za ta bi shi kafin reshen nan ya yi fure.

Duk ranin nan da ruwan sayen mai-ruwa na raini reshen. Da ya fara fitar da kai, maƙwabciyarmu Mama Ngodoo, wadda ta sha tsinkar ganyen Baba don farfesu, ta kai hannu za ta tsinke mini don ya yi yabanya. Sai ta tsaya cak, ta janye hannun. "Kai, na manta. Baba ya ce na baƙi ne."

Amyoyinsa sun ruɓe a kan ɗorawa, a cikinmu babu mai hawa itace, ko hotonsa guda ɗaya ne, shi ma ya koɗe. Abin da ya rage mana na Baba dokar nan ce, a bar wa baƙo rabonsa ko ba a san ranar zuwansa ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Makon jiya na lallaɓa Inna na fito da ita kusa da bokitin, furen ya buɗe fari-fari. Muna zaune sai ta ɗaga kai. Ni ban ji komai ba tukuna, sai da na duba na ga ƙudan zuma guda ɗaya tak. Inna ta gyara mayafinta, ta matsa gefe ta bar rabin tabarma.

"Hajara," ta ce, "kawo ruwa. An yi baƙo."