Na Goge Gonar Uwata

Ranar wata Juma'a na goge takardun gonakin ƙauyenmu daga kwamfuta. Na yi shekara uku a kaso.

Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Tun zamanin soja nake gadi a wani biro a Filingue, inda ake ajiye takardun gonaki. Da satar farar takarda na fara, ina kai wa mai ƙosai. Daga nan na koma zuƙe man moto, wato babur ɗin sakataren biron. Ba wanda ya kula, ni ma na daina jin komai.

Bayan soja sun sauka aka kawo kwamfuta, aka ɗauki hoton takardun aka zuba ciki. Na asalin kuma gara ta cinye su a ɗakin ajiya.

Akwai wani ɗan kasuwa, Alhaji, da ke son gonar maƙwabcinsa a ƙauyenmu, wajen Tabla. Ya kira ni shagonsa ya ce, "Kai ke da makulli. Takarda guda za ka goge, in ba ka moto."

Na ce, "Alhaji, ban iya karatu ba."

Ya yi dariya. "Wa ya ce ka karanta? Wanga aiki yatsa ke yi nai."

A kwamfutarsa ya koya mini. Ya rubuta mini sunan ƙauyen da na mutumin a takarda. Ya ce in buɗe jaka mai ruwan ɗorawa, in nemo sunan, in danna maɓallin gogewa. In ta yi tambaya in danna na hagu. Sannan in zubar da kwandon sharar da ke kusurwa, don abin da aka goge can yake kwana, ana iya maido shi.

Da kowa ya tafi masallaci na shiga. Na sami jakar ƙauyen, amma sunayen ciki duk kama suka yi mini. Ina ta zufa har na ji liman ya yi sallama. Sai na koma baya na goge jakar gaba ɗaya. Ta tambaye ni da Faransanci, na danna. Na zubar da kwandon.

Litinin sakatare ya nemi jakar ya rasa, ya dube ni ya ce, "Mai gadi, wane sahu ka tsaya ran Juma'a?"

Jandarma suka zo. Na ambaci Alhaji, ya ce bai ma san sunana ba.

A kaso na ji saura. Takardar gonar da babana ya bar wa Inna tana cikin jakar nan. Da babu takarda, Alhaji ya kawo shaidunsa, ya cinye gona huɗu. Tamu ce ta uku.

Inna ta zo sau ɗaya, da fura a ƙwarya. Na kasa ɗaga kai.

Ta ce, "Sha, ɗana. Geron gonar ne, na ƙarshe."

Ta rasu a ɗakin ƙanenta kafin in fito. Ban nemi gafararta ba, kunya ta hana ni. Na tuba ga Allah, ita kuma sai addu'a.

Samari, wanda ya ce ku danna abin da ba ku iya karantawa, ya san abin da ke ciki, ku ne ba ku sani ba. Ku ƙi. Ko farar takardar ma ku bar ta inda take.

Moton ban taɓa ganinsa ba. Yanzu ina ƙauye. Da damina ƙwadago nake yi a gonar Alhaji. Na san iyakarta, don babana ne ya dasa ciyawar gamban da ke bakin iyakar.