Malama Me-Kake-Nufi Za Ta Ajiye Alli

Shekara talatin da ɗaya ke nan, ƙarfe bakwai ba ta taɓa yi mata a hanya ba. Da kanta take buɗe tagogin aji uku, ta goge allo, sannan ta ciro wani tsohon gwangwanin madara daga jakarta. A ciki akwai 'yan katuna da ta yanka daga kwali, kowanne da kalma ɗaya: haƙƙi, 'yanci, nauyi, daidaito, mutunci, adalci. Kowane mako takan ɗauki ɗaya, ta rubuta a saman allo, ba mai goge ta sai mako ya ƙare. Duk amsar da yaro ya bayar, sai ta karkata kai ta ce, "Me kake nufi?" Sunan da ya bi ta ke nan, har wasu iyayen ba su san na yankanta ba.

A ƙarshen wannan zangon za ta yi ritaya. Ni da nake mata jinjina yau, na taɓa takawa har makarantar don in sa a cire ta daga ajin.

Abin ya faro ne ranar da Autata, tana 'yar shekara takwas, ta dawo ta ce, "Baba, ina da haƙƙi."

Na ce, "Haƙƙin wa kika ɗauko mana?"

"Ba ɗaukowa na yi ba. Nawa ne."

Ni dai a sanina haƙƙi abu ne da ke rataye a wuyan wanda ya cuci wani. Ban taɓa jin yarinya ta shigo da shi gida tana murna ba. Mako ya zagayo, uwarta ta ce ta wanke kwanuka, ta ce tana da 'yanci. Uwar ta tsaya da ludayi a hannu tana kallona, ni ma ina kallonta.

Washegari na sami Malama tana feƙe wa yara fensir. Na ce, "Malama, kina ɓata mana yara."

Ta karkata kai. "Me kake nufi, Baban Auta?"

Da na ba ta labarin kwanukan sai ta yi dariya. Ta ce, "Rabin darasi ta kawo muku. Yaro sai ya yi tuntuɓe da kalma kafin ya iya tafiya da ita. Mako mai zuwa nauyi za mu yi. Ka yi haƙuri da mu."

Haka kuwa aka yi. Auta ta wanke kwanuka ba a sa ta ba, ta ce nauyinta ne. Muna cikin hamdala sai makon daidaito ya zo, ta ce yayanta ma ai hannu biyu gare shi. Gidanmu ya zama kotu. Na rasa gane ko gyara mini yarinya ake yi ko kwance ta.

A zangon ne agogon malamin lissafi ya ɓata. Ina cikin kwamitin iyaye, saboda haka aka kira ni ofishin shugaban makaranta. Wani ya ce ya ga agogon a hannun 'yar mai sharar makarantar kafin ya ɓace, 'yar ajin su Auta, yarinya mai in'ina sosai. Tun da safe an riga an kira ta ɓarauniya a gaban dukan ɗalibai. Tana tsaye, uwarta na durƙushe a bakin ƙofa, domin ta san in an kori 'yar, aikinta ma ya tafi.

Shugaba ya ce, "Kin ɗauka ko ba ki ɗauka ba?"

"Na... na... na ɗau..."

"To, kun ji da kunnenku."

Muka gyaɗa kai, har da ni. An ɗauko takardar kora ke nan sai ga Malama, hannunta duk alli.

"Yallaɓai, ba ta gama magana ba."

"Ta amsa laifinta, Malama."

"Ta dai fara magana."

Sai wata murya ta faɗo ta taga, inda 'yan aji uku suka yi cincirindo: "Adalci shi ne a saurari mutum har ya gama!" Muryar Autata ce. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Malama ta durƙusa daidai tsawon yarinyar. "'Yata, ba mai katse ki. Ko zuwa yamma ne, muna nan."

Yarinyar ta fara magana. Kalma ta fito, ta maƙale, ta sake fitowa. Wani daga cikinmu ya so ya ƙarasa mata, Malama ta ɗaga masa hannu. A ƙarshe muka ji labarin. A bakin famfo ta tsinci agogon. Ta kawo ofis, ba kowa, sai ta sa shi a aljihun tebur don kada a sace. Sau uku tana ƙoƙarin faɗa, sau uku ana katse ta a kalmar farko.

Shugaba ya ja aljihun teburin da yake zaune a gabansa. Ga agogo nan ƙarƙashin makullai.

Muka fara ba da haƙuri a ƙasa-ƙasa, kowa na neman hanyar fita. Malama ta ce, "Yallaɓai, a gaban jama'a aka zubar mata da mutunci. A gaban jama'a za a mayar mata." Washegari kuwa shugaba ya tsaya gaban ɗalibai ya wanke ta, da bakinsa.

Daga baya na tambayi Malama, "Yanzu daidai ne yarinya ta gyara wa manya magana ta taga?"

"A'a. Na sa ta share aji saboda ihun. Na kuma ce mata gaskiya ta faɗa."

"To, daidai ta yi ko kuskure?"

"Duka biyun, Baban Auta."

Shekara tara ke nan ina juya wannan amsar. Har yau ban san inda ladabi ya tsaya, haƙƙi ya tashi ba, kuma Auta ba ta daina gardama da ni ba. Abin da na sani shi ne, ranar nan mu manya shida muka kusa cutar marar laifi, kuma masu gaskiyar su ne waɗanda kansu bai gama kai taga ba.

Malama, ke ce kika ɗauki manyan kalmomin da muke ji a rediyo muna wucewa, kika farfasa su daidai bakin yaro. Ke ce fitilar da ba ta zaɓen ɗakin da za ta haska. Ba ki taɓa samun lambar yabo ba, gwangwanin ma ya yi tsatsa. Mun gode. Allah ya ba ki hutu mai albarka da lafiya mai ɗorewa.

Malamai masu tasowa, ku je ku karɓi katunan nan kafin ta tafi. Mu iyaye kuma, in yaro ya shigo da kalmar da ta ruɗa mu, mu tambaye shi me yake nufi kafin mu ɗaga murya.

Ranar bikin bankwana, 'yar mai shara ce za ta yi jawabin godiya a madadin tsofaffin ɗalibai. Ita ta roƙa a ba ta. In'inar tana nan, ba ta tafi ba, don haka jawabin zai ɗauki lokaci. Duk mai sauri ya zauna a gida.