Ranar da Kakana Ya Rantse Cewa Wucewa Muke Yi

A farkon shekarun 1970 ni saurayi ne da ya gama kwalejin koyon aikin gona a Khartoum, na dawo ƙauyenmu da ke kusa da Mai Wurno da wando mai kari, da biro a aljihun riga, da kai wanda hula ta daina shiga. Ni ne na farko a zuriyarmu da ya yi karatun boko har ya kai nan. Tun kafin in sauke akwatina daga lori mutanen gari suka fara kirana efendi, wato ma'aikacin ofis, ni kuwa ina amsawa da murya mai kauri kamar an riga an ba ni teburi da kujera. Mahaifiyata ma ba ta taimaka ba, don duk gidan da ta shiga sai ta sanar da su cewa ɗanta ya gama da fartanya har abada. Ina rubuto muku wannan labari ne yanzu da na tsufa, domin jikokina sun fara yawon neman aiki, kuma duk lokacin da na gan su da takardu a hammata sai dariya ta kama ni, daga baya kuma in tuna da kakana.

Ban daɗe da dawowa ba na ji wata ma'aikatar noman injuna a Damazin tana neman matasa masu irin karatuna. Na tafi, aka yi mana tambayoyi, na amsa har da abin da ba a tambaye ni ba. Shugaban wurin ya ce na yi masa, aiki nawa ne, da gida da babur na zagaya gonaki. Sharaɗi ɗaya ya rage: in kawo jinsiyya, takardar da ke shaida cewa ni ɗan ƙasa ne, kafin damina ta faɗi, domin da ruwan farko za a rufe ɗaukar ma'aikata. Na fito ina murmushi, a raina ina cewa wannan ai wasa ne. A nan aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, Larabci kuwa ya fi Hausa zama a bakina. Me zai hana?

Sai da na je ofishin da ke bayar da takardar na gane inda gizo ke saƙa. Ga irinmu da kakanninsu suka zo daga yamma, haihuwa kaɗai ba ta isa ba. Dole ka kawo dattijon da zai dafa Alƙur'ani ya shaida cewa gidanku ya zauna a ƙasar tun kafin wani lokaci da doka ta yanke. Ko a nan hankalina bai tashi ba, don ina da shaidar da ta fi ta kowa: kakana, mahaifin babana, wanda ya shigo ƙasar yana yaro riƙe da hannun ubansa, cikin ayarin da ya baro Sakkwato bayan zuwan Turawa. Ni da shi kuwa abokan wasa ne na gaske, irin wasan jika da kaka. Yana kirana malalacin efendi, ni ina ce masa tsohon da ya ƙi mutuwa don rowar gado. Ba a yin rana ba mu taɓa juna ba.

Abin da na manta, ko in ce abin da na sani amma ban taɓa ɗaukarsa da muhimmanci ba, shi ne kakana bai yarda ya zauna a Sudan ba. A wurinsa mu alhazai ne da ke kan hanyar Makka, muka ɗan tsaya a bakin kogi mu huta. Ya yi aure a wannan hutun, ya haifi 'ya'ya, ya aurar da su, ya shuka itatuwan da muke hawa muna yara, ya binne matarsa. Duk da haka ya ƙi a gina masa ɗakin ƙasa, yana cikin bukkar ciyawa, wai matafiyi ba ya gini. Duk shekara in aka tambaye shi yaushe tafiya, sai ya ce bayan an cire auduga. Mu yaran gidan mun ɗauki wannan magana kamar tarin da yake yi da safe, abu ne da aka saba ji.

Ranar da za mu tafi ya sha farar jallabiya da rawani, ya zauna a gaban lori kusa da direba yana ta ba shi umarni kamar motarsa ce. Ni ina baya a kan buhunan dawa, ina lissafin irin kujerun da zan saya a gidana na Damazin. Ko sau ɗaya bai zo mini in tambaye shi abin da zai faɗa ba. Muka isa, muka bi layi, aka kira mu gaban wani jami'i mai furfura a gefen kai, mutum mai fara'a, wanda ya tashi tsaye ya gaida tsohon ya sa aka kawo masa shayi. Kakana ya dafa Alƙur'ani. Jami'in ya ɗauki alƙalami ya tambaye shi tun yaushe gidansu ya zauna a wannan ƙasa. Kakana ya kurɓi shayi, ya gyara rawani, ya amsa da Larabcinsa tsaf cewa su ba su zauna ba, wucewa suke yi. Sannan ya juyo gare ni ya maimaita da Hausa, don kada in ce ban ji ba: "Mu matahiya na, efendi. Ba mu zamna ba, hutawa ɗai mu kai."

Na dubi jami'in ina roƙonsa da ido. Jami'in, Allah ya saka masa da alheri, ya yi ƙoƙarin buɗe mana ƙofa. Ya ce to ya Hajj, ai hutun ya yi tsawo, ko za a rubuta cewa nan ne gida yanzu? Kakana ya ce a'a, kada a rubuta masa abin da bai faɗa ba alhali hannunsa na kan Littafi. Jami'in ya nuna ni ya ce wannan yaron fa, shi ma tafiya zai yi? Kakana ya ce ƙwarai, har shi, har ubansa, har awakin gidan, da zarar an cire auduga sai Suwakin, daga nan sai jirgin ruwa. Mutanen da ke layi suka fashe da dariya, wani har da riƙe ciki. Na taka ƙafar tsohon a ƙarƙashin teburi, sai ya ɗaga murya ya ce wa jami'in ya duba irin tarbiyyar 'yan boko, suna taka kakanninsu a gaban hukuma. Jami'in ya share hawayen dariya, ya ajiye alƙalami, ya ce ma'alesh, wato in yi haƙuri, ba zai iya rubuta mutum mazauni ba alhali shaidarsa ta rantse cewa gobe za su tashi. In nemo wani dattijon.

Na nema. Tsararrakin kakana da suka rage a garin ba su da yawa. Ɗaya ya kurumce har ba ya jin kiran salla, ɗaya kuma da na je masa da maganar sai na tarar ya fi kakana zama matafiyi, don shi ko akuya ba ya yarda ya saya mai ciki. Mahaifina ya ce shi ba zai iya buɗe baki ya ce wa ubansa ya sauya magana ba. Ina cikin wannan zirga-zirga hadari ya haɗu, ruwan farko ya sauka, aikin Damazin ya tafi da gidansa da babur ɗinsa. Aka ba wani abokin karatuna wanda a aji ni nake yi masa bayani.

Na koma hawashar mahaifina, wato gonar audugar da yake nomawa a ƙarƙashin hukumar ban ruwa. Wandon nan mai kari ya ƙare a cikin laka. Masu kirana efendi ba su daina ba, sai dai yanzu in sun faɗa akwai wani abu a ƙarshen muryarsu. Labarin ofis kuwa ya zagaye ƙauyuka, duk inda na wuce sai wani ya tambaye ni ko mun ɗaure kaya, yaushe jirgi zai tashi. Haushi ya cika ni, na sauke shi duka a kan tsohon. Ban zage shi ba, ban ɗaga masa murya ba. Abin da na yi ya fi haka ciwo: na daina yi masa wasa. Da safe sai in durƙusa in gaishe shi da ladabi kamar baƙo, in tashi. In ya ce malalacin efendi ya fito, sai in ce na'am Baba, in wuce. Haka muka ci damina, muka shiga cirar auduga. Ina ganin yadda yake bina da ido in na gifta ƙofar bukkarsa, ya buɗe baki zai tsokane ni, sai ya fasa.

Wata rana da hantsi ina cikin gona sai na hango shi tafe yana dogara sanda, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya zauna a bakin hanyar ruwa ya ce in zo. A nan ya gaya mini abin da ban taɓa ji ba. Ya ce mahaifinsa bai daɗe da isowa bakin wannan kogi ba ciwo ya kwantar da shi, kuma kafin ya cika ya riƙe hannunsa ya ce kada ya kuskura ya ajiye niyyar da suka fito da ita. Ya ce tun daga ranar, duk shekara abu ɗaya ke tare shi, ko rashin guzuri, ko haihuwa, ko rashin lafiya, amma bai taɓa furta da bakinsa cewa ya fasa ba, kuma yana jin ranar da ya furta, ranar ya saki hannun ubansa. Kunya ta rufe ni. Can sai ya buga sandarsa a ƙasa ya ce gobe in sa wandon nan nawa na 'yan iska, za mu koma wurin mutumin mai shayi.

Jami'in yana ganinmu ya fara dariya, ya tambaya ko mun zo sallama ne. Kakana bai yi dariya ba. Ya dafa Alƙur'ani ya ce shi dai matafiyi ne, kuma a haka zai mutu, kada a taɓa masa wannan. Amma in ana tambayar yaushe ya sauke kayansa a bakin kogin nan, to tun babu madatsar ruwa ta Sennar, don da kansa ya ɗauki duwatsun gininta yana saurayi. Ya lissafa sarakunan garin da ya gani, da shekarar farin da ya ci, da inda kabarin ubansa yake. Sannan ya ɗora hannu a kafaɗata ya ce wancan karon ya yi kuskure a abu ɗaya. Niyya tasa ce, shi ya ɗauko ta, yaron nan bai ɗauko komai ba. A nan aka binne cibiyar uban yaron, a nan aka binne ta yaron, ba shi da wata ƙasa sai wannan. Jami'in ya daina dariya, ya sunkuyar da kai yana rubutu. Da ya gama sai ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin hutu mai tsawon wannan ba. A hanyar komawa kakana bai ba direba umarni ko ɗaya ba, yana ta kallon gonaki. Sai da muka kusa gida na sunkuya ta taga na ce masa tsoho, ashe dai gadon nan za ka sake shi. Ya ɗaga sanda zai maka mini, yana dariya, idonsa cike da ruwa.

Jinsiyya ta fito, bayan wasu watanni na sami aiki a wajen Kamlin, mai duba rabon ruwa a gonaki. Ba gida, ba babur, jaki aka ba ni, kuma jakin ma ya raina ni. Amma a wannan aiki na yi ƙarfi, har ni da mahaifina muka haɗa hannu muka sa tsohon a jirgi ya sauke farali. Da ya dawo gari ya cika, aka yi yanka, aka ci aka sha. Na matsa kusa da shi a gaban jama'a na ce to Alhaji, tafiya ta ƙare, sai a gina ɗakin ƙasa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce wane irin jahili ne ya ba ni takardar kwaleji, ai yanzu ne ma suke kan hanyar komawa Sakkwato, da zarar an cire auduga. A cikin bukkar nan ya rasu bayan 'yan shekaru.

Shawarata ga matasa masu gama karatu ita ce, ku nemi duk takardar da za a tambaye ku tun kuna makaranta, kada ku jira sai aiki ya zo yana ƙwanƙwasa ƙofa. In kuma za ku kai dattijo ya tsaya muku a gaban hukuma, ku zauna da shi tukuna ku ji abin da ke ransa, domin maganar da kuke ɗauka ta tsufa ce wataƙila ita ce abin da ya riƙe shi a tsaye duk rayuwarsa. Kuma in abu ya ɓaci, ku yi fushinku ku gama da wuri. Aikin Damazin da na rasa na sami wani a madadinsa, har na yi ritaya. Watannin nan da na hana tsohon nan wasa kuwa, har yau ban sami inda zan biya shi su ba.