Ƙunar Rigar Anko

Gidanmu na Fagge bai san shiru ba. Da rana ihun masu tura dilolin atamfa a baro yana shigowa har tsakar gida, da magariba kuma hayaƙin murhun Inna ya karɓi aiki. Inna kakata ce, mahaifiyar Babanmu. Gyaɗa take soyawa cikin rairayi a wani tsohon kasko, ana zuwa saye har gida. Bayan sallar isha'i sai mu kewaye murhun, mu jikokinta da yaran maƙwabta, rabi don tatsuniya, rabi don ƙonanniyar gyaɗar da take tsincewa tana miƙo mana.

In za ta fara, takan buga cokali a bakin kasko ta ce, “To, ga ta nan tafe, ta sha rana, ku ba ta wuri.” Mu kuma mu ce, “Ta iso, mun yi mata shimfiɗa.”

Sai dai Inna ba ta cika maimaita tatsuniyoyin da kowace tsohuwa ta sani ba. Tata take ƙerawa, kuma ba ta ƙera ta a banza. Duk wanda ya yi ta'asa a gida, kwana biyu sai ya tsinci kansa a ciki an sa masa fatar biri ko ta ɓera. Shi ya sa muke sauraronta kunne ɗaya a labari, ido ɗaya a kan juna, kowa yana neman gane da wa ake.

Shekarar da nake 'yar sha ɗaya aka sa bikin Anti Binta, ƙanwar Ummanmu. Umma ce ta fitar da anko, wata atamfa ruwan ganye, kuma ita ta ce wa matan layinmu kowa ta kai ɗinkinta wurin Maman Uju. Maman Uju tela ce a Sabon Gari, 'yar ƙabilar Ibo, Kirista, haihuwar Kano, Hausa a bakinta kamar ta Inna. Tun kayan sunana ita ke yi wa gidanmu ɗinki. In na je shagonta takan ce, “Kuluwa 'yata, zo nan,” ta cika min hannu da ƙyallaye in yi wa 'yartsanata riga.

Wata Talata aka aike ni karɓo rigar Umma, wadda aka fara gamawa don sauran mata su ga samfur. Na dawo na tarar Umma ta tafi barka, Inna kuma tana barcin rana. Rawar kai ta ce min in gwada. Na zura rigar, na yi ta juyi gaban madubi, na zauna na tashi kamar uwar biki, har ta yamutse. Da na ga haka sai na ɗebo garwashi na zuba a dutsen guga, ni ga gwana. Ko gwada zafinsa a tsumma ban yi ba. Ɗorawa ɗaya a kafaɗa sai ƙauri ya tashi. Na ɗaga na ga huda mai baƙin gefe, babban yatsana zai shige. Na ninke rigar yadda na same ta, ƙunar a ciki, na mayar cikin leda, na juye garwashin bayan randa, na fice wasa.

Da la'asar Umma ta warware rigar a gaban maƙwabta biyu da suka zo gani.

“Innalillahi! Ta ƙona min kaya, ta kuma ɓoye a cikin ninki!” Ta juyo kaina. “Ke Kulu, kin buɗe ledar nan?”

Na ce, “Ban buɗe ba.”

Ɗaya daga cikin matan ta taɓe baki ta ce dama mutanen nan sai a hankali. Inna, tana zaune tana tankaɗe rairayi, ta ce, “Zato dai zunubi ne.”

Umma ta ce, “Inna, wannan ai ba zato ba ne, gani ne.”

Ba ƙunar ce ta fi ɓata wa Umma rai ba, ɓoyewar ce. Kafin gari ya waye magana ta zaga layi, kuma a ranar Umma ta mayar wa Maman Uju da rigar, mata huɗu kuma suka je Sabon Gari suka karɓo atamfofinsu.

Da hantsin Laraba Inna ta kira ni in taya ta ɓarar gyaɗa. Muna cikin yi ta ce, “Wata sabuwa nake shiryawa, ke za ki taya ni.”

Na ce, “Inna, ai ba a tatsuniya da rana.”

“Wa ya ce miki faɗa nake? Yanka nake yi, ɗinki sai dare.”

Duk maganar duniya ta rasa wadda za ta ɗauko sai ta yanka da ɗinki? Na saci kallon fuskarta, ba komai a ciki sai tsufa. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Ta ce, “Ina da gari mai rijiya ɗaya. Ina da tsohuwa, baƙuwa, tana saƙa faifai a bakin rijiyar. Ina kuma da wata yarinya 'yar gari. Wahala ce na rasa inda zan sa, kuma labarin da ba wahala kunu ne ba tsamiya. Wa zan ɗora wa?”

Na yi sauri na ce, “Ki ɗora wa kura.”

“Babu kura a garin nan, Kuluwa. Mutane ne zalla.”

Daren nan muka ji farkonta. Yarinyar ta je ɗiban ruwa da tsakar rana, ba kowa, ta hau korar wani ɗan akuya da wasa har ya afka rijiya. Ta leƙa, ta ga ba za ta iya ciro shi ba, ta ɗauki tulunta ta gudu ta ja bakinta. Kwana uku ruwa ya yi wari. Mutanen gari suka taru suna tambayar wa ya fi kusa da rijiya. Aka waiga aka ga tsohuwa mai faifai. Nan Inna ta tsaya ta ce ragowar ba ta dahu ba tukuna.

Yara suka hau kallon-kallo. Ƙanena ya rantse da Sani ɗan maƙwabta ake, don ya taɓa jefa takalmi a rijiyar masallaci. Na taya shi da ƙarfi, na fi kowa ɗaga murya. Inna ba ta ko dube ni ba, kuma rashin dubawar ne ya hana ni sakewa. Na kwanta ina tambayar kaina: ta sani ne, ko dacewa ce kawai? In ta sani, me ya hana ta faɗa? In ba ta sani ba, me ya sa ni kaɗai ta kira ɓarar gyaɗa?

Alhamis ta sake kira na. “Me mutanen gari za su yi wa tsohuwar?”

Na ce, “Su yi mata faɗa kawai, sai su yafe.”

Ta yi dariya har tana tari. “Yaro man kaza. Kin taɓa ganin mutane sun yafe abin da ba su gama jin daɗin faɗarsa ba?”

“To ita yarinyar fa, ai ba da gangan ta yi ba.”

“Akuyar ba da gangan ba. Shirun fa?”

Na ce fitsari nake ji, na tashi ban dawo ba.

A daren aka daina sayen faifan tsohuwa. Mata suka daina amsa gaisuwarta, iyaye suka hana yara zama kusa da ita. Ita kuwa kullum sai ta fito ta zauna ta ci gaba da saƙa, faifai yana taruwa a gabanta ba mai tayawa. An yashe rijiya, ruwa ya dawo garai-garai, kowa na sha yana hamdala, amma yarinyar duk kurɓar da ta yi sai ta ji warin akuya. Gyaɗar da Inna ta miƙo min a daren, a hannuna ta kwana.

Ranar Juma'a da yamma muka ji sallama, sai ga Maman Uju da leda a hannu, idanunta sun yi ja. Ashe ta zaga kasuwar Kwari sai da ta samo irin atamfar, ta ɗinka sabuwar riga. Ta durƙusa ta gaida Inna, sannan ta miƙa wa Umma ledar.

“Maman Kulu, ga shi. Ki yi haƙuri, don Allah. Shekarun da muka yi tare sun fi riga.”

Umma ta karɓa ba ta ce ta zauna ba, ko ruwa ba a kawo mata ba. Ina raɓe a bakin ɗaki kamar an dasa ni. Da za ta fita ta shafa kaina ta ce, “Kuluwa, kin daina zuwa karɓar ƙyalle.” Wallahi da mari ta yi min da ya fi min sauƙi.

Da dare Inna ta ɗora daga inda ta tsaya. Tsohuwa ta ɗaure faifanta a tsumma, ta bi gida-gida tana neman gafarar laifin da ba ta yi ba, don ta bar garin ba a riƙe da ita ba. Ta zo ƙofar gidan su yarinyar, yarinyar na tsaye. Sai Inna ta ajiye cokali.

“Nan na maƙale. Na yi na yi ƙarshen ya ƙi zuwa. Kuluwa, ke kika taya ni shiri, me yarinyar ta yi?”

Wutar murhu ta dame ni, idanun yara duk suna kaina. Na buɗe baki in ce ban sani ba, sai kuka ya riga ni. Na ce, “Ni ce! Ni na ƙona rigar Umma!”

Umma ta fito daga ɗaki da gudu. Na sha duka a daren, kuma ban ga laifinta ba. Ta fi jin kunya fiye da haushi, har ita ma sai da ta yi hawaye.

Washegari Inna, wadda gwiwa ba ta barinta zuwa ko bakin titi, ta yafa mayafi ta ce mu tafi, ni da ita da Umma. A ƙafa muka taka har Sabon Gari, tana hutawa a gindin kowane shago. Muka sami Maman Uju a kan keken ɗinki. Umma ta kasa haɗa ido da ita. Ni na durƙusa na faɗi abin da na yi.

Ta tsayar da keken ta ce, “Na sani tun ranar da aka kawo min rigar. Dutsena na lantarki ne, ba ya barin toka.”

Umma ta ce, “Haba Maman Uju, me ya hana ki faɗa?”

“In na ce ba ni ba ce, saura wa? Yarinyar nan kaɗai ta ɗauki kayan, ban so a taɓa ta ba.” Ta gyara zaren da ke allura. “Kuma ki faɗa min tsakaninki da Allah, ranar nan da na ce 'yarki ce, da kin yarda?”

Umma ta sunkuyar da kai.

Daga baya Umma ta yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinta ba. Gida-gida ta bi tana cewa 'yarta ce ta yi ɓarnar. Amma atamfofin nan huɗu wani tela ya riga ya yanka su, kuma labarin gyara ba ya gudu irin na ɓatanci. Wasu sun ji, wasu ba su ji ba, wasu sun ji suka ce rufa-rufa ce irin ta masu kunya.

A hanyar dawowa na tambayi Inna ko dama ta sani. Ta ce, “Ni na san me? Ni dai na ga garwashi bayan randa, na ce ko aljanun gidan nan sun fara guga.” Na ce to me ya sa ba ta tona ni tun ranar ba. Ta ce da ta tona, duka kawai zan sha in warke, amma wanda ya fito da bakinsa ba ya mantawa.

Gaskiyarta, ban manta ba. Yanzu ni ma rubuta labarai nake, kuma duk sanda na zauna tsara wani, in kai wurin raba wahala, sai hannuna ya tsaya. Mu marubuta muna son mu ce wahala makaranta ce, wanda ya sha ta shi ke fitowa da hankali. Ni ban ga haka ba. Ina ƙaunar Inna, Allah Ya jiƙanta, amma har yau ina tuhumarta a raina. Kwana uku ta yi tana gina min tatsuniya don in zama mutum, a cikin kwana ukun nan kuwa ana kwashe kaya daga shagon baiwar Allah, ita kuma tana yawo a kasuwa neman atamfar da za ta biya laifina.

Bara na je wani biki a Fagge, mata suna hirar teloli. Wata dattijuwa da ban sani ba ta ce, “Kun tuna wata Ibo a Sabon Gari, mai ƙona wa mutane kaya ta ɓoye?” Na ajiye cokali na ce mata ba ita ta ƙona ba, ni ce, na ba ta labarin tun daga farko. Ta saurare ni tsaf, ta gyaɗa kai, ta ce, “Allah sarki, kina da kirki da kike kare ta.”