Direban da Ba Ya Tsayawa

"Wai Malam Ubaidu ne ke neman kujerar rubuta layi?"

"Shi fa. Jiya ya sami shugaba da maganar."

"Ikon Allah! Ashe ya san ƙofar ofis. Ni na ɗauka birkinsa ba ya ci sai a Kano."

"Kai, ji tsoron Allah, dattijo ne."

"Ranar da na wuni cikin rana wajen Kiyako da fasinja goma, ba dattijon ne ya wuce ni ba? Ko hannu bai ɗaga min ba."

A teburin mai shayi na tashar Birnin Kudu ake wannan hira. Wanda ake yi da shi kuwa yana zaune a bayan wata bas, yana jin komai.

Ubaidullahi sunansa, mutumin Farin Dutse ta ƙasar Gwaram. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan mota tsakanin Gwaram, Birnin Kudu da Kano, bai taɓa buge ko akuya ba. 'Yan kasuwa masu sammako sukan bar motar da ke kan layi su jira tasa, don sun san idan ya ce ƙarfe tara suna Kano, to tara ɗin ce. Motarsa ba ta mutuwa a hanya, domin duk Juma'a da safe shi da kansa yake shiga ƙarƙashinta.

Sai dai direbobin wannan hanya suna da wata al'ada da ba a rubuta ko'ina ba. In ka hango ɗan'uwanka a gefen titi ya zuba ganye, alamar mota ta lalace, dole ka rage gudu ka tambaya, "Lafiya?" In taya ce ka ara masa taka. In abin ya fi ƙarfinku ka kwashi matan da ke da goyo, ka kai wa bakanike saƙo. Ko ba ka da abin yi, tsayawar ita ce gaisuwa.

Ubaidu bai taɓa tsayawa ba. Cewa yake, "Wanda bai duba motarsa a gida ba, ya duba ta a titi. Ni fasinja na ɗauko, ba direba ba." Fasinjojin su yi dariya, su yaba masa.

Matarsa Batulu ta sha gaya masa, "Malam, mutane fa rahama ne."

"Mutanen ai su nake ɗauka kullum," in ji shi.

"Waɗancan sauka suke yi."

Bara yanar ido ta fara rufe masa gani. Likita ya ce ya haƙura da sitiyari, ya sayar da motar. Bai iya noma ba, bai iya zaman gida ba; da asuba ƙafarsa tasha take kawo shi, ya zauna yana jin ƙarar injuna. Ana haka tsohon da ke rubuta layin motoci ya koma garinsu Surko. Kujerar tsofaffin direbobi ce, kuma ita kaɗai ce hanyar da ta rage masa ta zama a tasha da mutunci.

Shugaban direbobi bai ɓoye masa ba. "Malam Ubaidu, aikinka kowa ya shaida. Amma ka san yadda muke yi. Ranar Asabar za a zauna, sai direba ɗaya ya miƙe ya ce ya yarda da kai. Ni shugaba ne, ba na miƙewa."

Ya shiga lissafa direbobi a zuci. Duk sunan da ya kamo, sai ya zo masa da wani wuri a bakin hanya: wannan a kan gada, wancan cikin ruwan sama, wani da azumi a baki. Fasinjojin da suka so shi kuwa babu ko ɗaya da zai shiga wannan zama.

Da hantsi ya lallaba inda Manu ke wanke motarsa. Tare suka yi karen mota tun suna samari, kuma sau uku Ubaidu yana wuce shi a titi.

"Salamu alaikum, Manu."

Manu ya ɗago, ruwa na ɗiga daga tsumma. "A'a! Sarkin sauri da kansa? Yau kuma a ƙasa?"

"A ƙasa."

"To, Allah ya kyauta. Ya idon?"

"Da sauƙi. Muryarka na bi, ba ganinka na yi ba."

Manu ya ci gaba da goge gilashi. Ubaidu ya dafa jikin motar.

"Ban zo in ce ka manta ba, ni ma ban manta ba. Ranar Asabar, don Allah ka miƙe min. Ko ba za ka ce komai ba, Manu, ka dai miƙe."