Baba Mai Madubi da Tambarin da Ya Zama Ƙwai

Duk wanda ya saba bin layin masu gyara da safe ya san tsarin Baba Mai Madubi. Zai ɗaga ƙofar shago, ya share gabansa, ya kunna monitocin kwamfutar da ke kan benci, irin na da masu ƙeya, waɗanda sai ƙato ya rungume su da hannu biyu. Daga nan sai ya ja kujera ya zauna da kofin shayinsa, bai taɓa ko ɗaya ba. In gaggawa kake yi, kai ta shafa. Cewa yake allo kamar tsoho ne, sai jikinsa ya yi ɗumi yake faɗin abin da ke damunsa. Sai shayin ya ƙare yake cire agogo, ya sa hannu ɗaya a aljihu saboda wutar da ke kwance cikin ƙeyar, ya jingina madubi a gaban allon, shi kuma ya koma ta baya yana murɗa nan yana murɗa can, idonsa na kan hoton da ke cikin madubin. Nan sunan ya samo asali. Baƙi kan ɗauka tsohon son kallon fuskarsa yake yi, shi kuwa bai taɓa musawa ba.

Ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Hannu ya fara rawa, 'ya'ya sun matsa masa ya huta, masu ƙeyar ma sun kusa ƙarewa. Shi ya sa ya kamata a faɗi nasa yana raye yana ji.

Abin da ya bi ta hannunsa ba ya lissafuwa: allon da hotonsa ya karkace, da wanda gefensa ya lanƙwashe ciki, da wanda ja da kore da shuɗi suka daina hawa kan juna har kowane harafi ya yi inuwa. Mai kemis na bakin titi har yau yana ba da labarin nasa, da kusurwar allonsa ta rine ta koma shunayya. Baba ya bi shi har shago, ya duba, ya ɗauke lasifikar rediyo daga jikin allon, ya ce maganaɗisunta ne ke jan launin. Ya karɓi maganin tari a madadin kuɗin aiki ya yi gaba.

Amma wanda ya fi kowanne tsaya wa mutanen layin a rai shi ne na Goggo Mai Zane.

Goggo ma'aikaciya ce a shagon ɗab'i na ƙarshen layi, ita ke zana bajon makarantu da tambarin ofisoshi. Tun ana yi da fensir take yi, kafin kwamfuta ta zo ta koya da girmanta. Da aikin nan ta riƙe gidanta bayan rasuwar mijinta. Kullum in za ta wuce sai ta leƙa shagon Baba ta ce, "Ango, an gama kwalliyar?" Shi kuma ya ce saura jan baki.

Wata safiya ta wuce ba ta tanka ba. Baba ya ajiye kofi ya kira ta.

"Goggo, yau kuma gaba muke yi?"

Ta dawo ta zauna a bakin benci, jiki a sanyaye. Ta ce masa sallama za ta je ta yi da maigidan shagon, idonta ya tafi. Duk tambarin da ta zana zagayayye, in aka buga sai ya fito dogo kamar ƙwai, har wata makaranta ta dawo da bajonta gaba ɗaya. An kira mai gyaran injin bugawa, ya ce injin lafiyarsa ƙalau. Abin da ya kashe mata jiki, abokin aikinta da ke karɓarta da rana a kan kwamfutar nan yake aiki, nasa kuwa daidai yake fita. 'Yarta ta kai ta an yanka mata tabarau, ba abin da ya canja. Maigidan bai ce mata komai ba don yana jin nauyinta, amma ta ga ya fara karkatar da aikin wajen abokin nata.

"Gara in tafi da mutuncina, Baba, kafin a ce min in tafi," in ji ta.

Wani ne da sai ya ba ta haƙuri, ya ce tsufa ne, kowa zai je. Baba tambaya ya yi.

"In kin sa kwamfutar ta fitar miki da da'ira, me kike yi mata?"

"Gyara ta nake. Kwanan nan a taɓe take zuwa, sai na ja ta sama ta zagaye."

"Shi abokin naki fa?"

"Wannan? Yadda ta zo haka yake barinta."

Baba ya yi murmushi, ya cire murfin gwangwanin madararsa ya jefa a aljihu, ya ɗauki madubi, ya ce ta shige gaba.

A shagon ɗab'in ya sa ta fitar da da'ira daidai girman murfin, ya ce kada ta taɓa ta. Ya manna murfin a jikin gilashin. Maigidan da abokin aikin suka matso. Ta gefe da gefe da'irar ta cika murfin, ta sama da ƙasa kuwa ta gaza, murfin ya rufe ta. Allon ne ya tsufa, tsayin hotonsa ya riƙa raguwa a hankali har ba wanda ya lura. Da'irar da ke cikin kwamfutar lafiyarta lau, allon ne ke nuna ta a taɓe.

"Kin gani?" in ji Baba. "Kowa a shagon nan yana kallon allon nan kullum, ke kaɗai idonki ya kama cewa da'irar ba daidai take ba. Kika gyara abin da kika gani, shi ne ya fito ƙwai a takarda. Shi wannan bawan Allah rashin lura ne ya cece shi."

Abokin aikin ya sosa ƙeya ya ce shi dai ai bai taɓa ganin wata matsala ba. Maigidan ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan kunya ta kama shi, ya ce, "Goggo, ki yafe mana." Ita kuwa ta cire tabarau ta riƙe a hannu, hawaye na zuba tana dariya, ta rasa wanne za ta fara sharewa. Baba ya buɗe ƙeyar, ya canja wani ɗan abu da ya kumbura a ciki, ya jingina madubinsa, ya yi ta murɗawa Goggo na tsaye tana cewa "ƙara kaɗan, ya yi yawa, dawo," har sai da ta ce ya isa. Bai sake ɗora murfin ba. Ya ce idonta ya fi murfi.

Goggo na nan a kan kujerarta har yau. An sayo mata sabon allo marar ƙeya, kuma duk aikin da zai fita daga shagon sai ya bi ta gabanta tukuna.

Baba, kai ne ba ka yarda a yanke wa mutum hukunci ba a duba kayan aikinsa ba. Kai ne ka lura da gaisuwar da ba a yi maka ba, ka ajiye shayinka ka tambayi dalili. Gwani mai sanyin hannu, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi cikin jikokinka.

Mu kuma da muka rage a shaguna da ofisoshi, akwai irin Goggo a kusa da kowannenmu, dattijon da aikinsa ya fara fita a karkace, kowa ya yi shiru ana jira ya gane da kansa ya tafi. Kafin mu ce ya ƙare, mu tashi mu je mu ga abin da yake kallo. Ranar da aka gaya wa Goggo cewa Baba zai rufe shago, cewa ta yi, "Da bai kira ni ran nan ba, da yanzu ina ɗaki ina jiran makanta da idona garau."